Takin haidiranjiya

Takin haidiranjiya shi ne duk abin da ake zuba wa ƙasar da aka dasa haidiranjiya a cikinta domin shukar ta yi ƙarfi, ta kuma ba da fure. Haidiranjiya, wadda sunanta na kimiyya Hydrangea, shuka ce ta ado mai faffaɗan ganye, tana fitar da furanni a dunƙule, wasu kamar ƙwallo, wasu kuma kamar zangarniyar dawa. An fi dasa ta a lambunan gidaje a Japan da Turai da Amurka ta Arewa, da sauran wurare masu sanyi da wadataccen ruwan sama. Buƙatarta ta taki a lambun gida matsakaiciya ce, kuma ɓarnar da yawan taki ke yi mata ta fi wadda ƙarancinsa ke yi. Abin da ya bambanta ta da yawancin shuke-shuken ado shi ne, a wasu nau'o'inta, abin da aka zuba wa ƙasa yana iya mayar da shuɗin fure ya koma ruwan hoda, ko ruwan hoda ya koma shuɗi. Saboda haka aikin ya kasu gida biyu: ciyar da shukar, da gyara ƙasa don launi. Yawancin kurakuran masu lambu daga cakuɗa waɗannan biyun suke tasowa.

Asali da nau'o'i

Akwai nau'o'in haidiranjiya fiye da 70. Asalinsu nahiyar Asiya ne da nahiyar Amurka, kuma mafi yawansu a gabashin Asiya suke, wato Sin da Japan da Koriya. Sunan ya samo asali daga kalmomin Girkanci guda biyu masu nufin "ruwa" da "mazubi", saboda siffar kwanson irinta. Faransawa suna kiran ta hortensia, Japanawa kuma ajisai.

Nau'i huɗu ne aka fi samu a gidaje. Hydrangea macrophylla, mai manyan ganye, 'yar asalin Japan ce, ta isa Turai a ƙarshen ƙarni na 18, kuma ita ce ke sauya launi, ita da 'yar'uwarta ta kan tsaunuka, Hydrangea serrata. Sai Hydrangea paniculata ta gabashin Asiya mai fure kamar zangarniya. Sauran biyun, Hydrangea arborescens da Hydrangea quercifolia, daga gabashi da kudu maso gabashin Amurka suka fito.

Wajen ba da taki, babban abin lura shi ne reshen da kowane nau'i ke yin fure a kansa. Macrophylla da serrata da quercifolia suna fure ne a kan reshen bara: tun ƙarshen lokacin zafi suke ƙulla 'yan ƙulle-ƙullen da za su zama furen baɗi, su kwana da su duk tsawon hunturu. Paniculata da arborescens kuwa a kan reshen bana suke fure. Akwai kuma irin da aka samar daga baya, kamar Endless Summer da ya shiga kasuwa a Amurka a 2004, waɗanda ke fure a kan reshen bara da na bana duka.

Abin da ke cikin buhun taki

Lambobi uku da ake bugawa a jikin buhun takin zamani suna nuna kason naitirojin da fosfat da fotash cikin ɗari. Buhu mai kilo 10 na 10-10-10, alal misali, yana ɗauke da kilo 1 na kowannensu, ragowar kuma ciko ne. Tsari ɗaya ne da na NPK 15-15-15 da manoma ke kira kamfa.

Naitirojin shi ke gina ganye da reshe, kuma shi ne ya fi jawo matsala. Idan ya yi yawa shukar takan yi ganye kore shar, ta yi tsawo, ta ƙi fure. Rassan sukan fito da taushi har su kasa ɗaukar nauyin furen. Wannan ya fi bayyana a irin arborescens da ake kira Annabelle, wadda dunƙulen furenta kan kai girman kan mutum: da zarar ruwan sama ya jiƙa shi sai rassan su kwanta a ƙasa. Sau da yawa mai lambu bai zuba wa shukar komai ba, takin ciyawar tsakar gida ne, wanda naitirojin ya fi yawa a cikinsa, ruwa ke wankowa zuwa gindinta. Yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin ɗari, ta yi wa haidiranjiya ƙarfi idan ba da awo sosai aka sa ta ba.

Fosfat yana taimakon saiwa da fure, amma ƙasar lambun da aka daɗe ana ba ta taki ba kasafai take rasa shi ba, domin ba ya wankewa da sauri kamar naitirojin. Takin da ake tallatawa da sunan mai ƙara fure, wanda lambarsa ta tsakiya ke da girma, ba ya ƙara komai a ƙasar da take da isasshen fosfat, kuma yana hana fure yin shuɗi, kamar yadda bayani zai zo. Fotash kuwa yana taimaka wa shuka wajen sarrafa ruwa da jure sanyi.

Takin gargajiya da ya ruɓe sosai, kamar ruɓaɓɓen ganye ko tsohon kashin shanu, ya dace da ita ƙwarai. A daji haidiranjiya takan fito ne a gefen kurmi da bakin rafi, inda ganyen da ya zube yake ruɓewa a hankali. Ƙasa mai kyau da ake shimfiɗa wa irin wannan taki mai kaurin santimita 5 zuwa 8 sau ɗaya a shekara tana iya riƙe shukar shekaru ba tare da takin zamani ba. Ɗanyen kashin dabbobi, musamman na kaji, yana ƙona saiwa.

Lokacin ba da taki

Watannin da aka ambata a nan na ƙasashen arewacin duniya ne masu hunturu mai tsanani. A kudancin Brazil ko Afirka ta Kudu sai a ƙara wata shida.

Ana fara ba da taki ne idan sanyi ya janye, toho ya soma fitowa, wajen Maris ko Afrilu. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba takin da ke narkewa a hankali sau ɗaya, ya ciyar da shukar wata uku ko fiye. Idan taki mai saurin narkewa ne, irin 10-10-10, shawarar da aka saba bayarwa a kudu maso gabashin Amurka ita ce a ba macrophylla kimanin giram 50 a kowace murabba'in mita, a Maris da Mayu da Yuli. Paniculata da quercifolia sau biyu ya ishe su, arborescens kuwa sau ɗaya a ƙarshen hunturu.

Lokacin dainawa ya fi lokacin farawa muhimmanci. Bayan ƙarshen Yuli, ko farkon Agusta a wurare masu ɗan ɗumi, ba a ƙara ba ta naitirojin. Dalili shi ne taki a wannan lokaci yana sa ta fitar da sabon toho mai taushi wanda ba zai ƙosa ba kafin sanyi mai daskarar da ruwa ya sauko. Ga nau'in da ke fure a kan reshen bara, idan sanyi ya kashe kan reshe, furen baɗi ya tafi ke nan, ko da saiwar tana nan lafiya lau. Mai lambu kan ga shuka ta cika da ganye babu fure, ya zaci yunwa ce, ya ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa. A gaskiya manyan abubuwan da ke hana macrophylla fure su ne sanyi, da sassabe rassa a lokacin da bai dace ba, da inuwa mai yawa. Ƙarancin taki yana can baya.

Shukar da aka dasa sabuwa ba ta buƙatar takin zamani a shekarar farko. Galibi ƙasar da ta zo da ita daga wurin reno tana da sauran taki, kuma abin da saiwa ke nema a lokacin ruwa ne.

Taki da launin fure

Abin da ido ke gani a matsayin furen haidiranjiya ba shi ne ainihin furen ba. Ganyayyakin da ke kewaye da fure ne suka faɗaɗa suka ɗauki launi, ainihin furen ɗan ƙarami ne a tsakiyarsu. Haka abin yake a yakuwa, inda jan zoɓorodon da ake jiƙawa ba furen ba ne, kwanson da ke riƙe da shi ne. Sinadarin launin ma dangi ɗaya ne, wato antosayanin, kuma nau'insa da ke cikin haidiranjiya ana kiran sa delfinidin.

Sinadari ɗaya ne ke cikin shuɗin fure da mai ruwan hoda. Shi kaɗai, launinsa ja ne zuwa ruwan hoda. Idan ya haɗu da alminiyam a cikin ƙwayoyin halittar shukar, tare da wasu sinadarai marasa launi da ke taimaka masa, sai ya koma shuɗi. An daɗe ana zaton ƙarfe ne ke yin wannan aiki, kafin bincike a shekarun 1930 da 1940 ya tabbatar da cewa alminiyam ne. Daga baya Kumi Yoshida da abokan aikinta a Jami'ar Nagoya ta Japan sun yi nazari mai zurfi a kan yadda haɗin yake faruwa a cikin ƙwayar halitta.

Alminiyam na cikin kusan kowace ƙasa, domin shi ne ƙarfe mafi yawa a ɓawon duniya, sai dai a ɗaure yake, saiwa ba ta iya shan sa. Tsamin ƙasa ne ke kwance shi. Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, 7 ne tsaka-tsaki, kuma duk saukar lamba ɗaya na nufin tsami ya ninka sau goma. Idan pH na ƙasa ya kai 5.5 ko ƙasa da haka, alminiyam yakan narke, saiwa ta sha, fure ya yi shuɗi. Daga wajen 6.5 zuwa sama yakan kasance a ɗaure, fure ya yi ruwan hoda. Tsakanin biyun akan samu shunayya, wani lokaci ma launi biyu a jikin shuka ɗaya, idan saiwoyinta sun shiga ƙasa iri biyu.

Wannan yana rikita ɗaliban da suka saba da gwajin aji, inda tsami ke mayar da irin wannan sinadari ja, kanwa kuma ta mayar da shi shuɗi ko kore, kamar yadda zoɓo ke yin duhu idan aka jefa masa kanwa. A haidiranjiya sai a ga kamar abin ya juye. Bai juye ba. Tsamin ƙasa ba ya isa cikin furen kai tsaye, aikinsa kawai ya buɗe wa alminiyam hanya. Ruwan da ke cikin ƙwayoyin furen mai tsami ne, ko shuɗi ne ko ja.

Ga yawancin amfanin gona narkakken alminiyam guba ne, yana hana saiwa tsawo, kuma yana cikin manyan matsalolin noma a ƙasa mai tsami. Haidiranjiya tana cikin tsirarun tsirrai da ke iya tara shi a jikinsu ba tare da ya cutar da su ba. Shi ya sa ake samun shuɗin da ya yi suna a wuraren da ƙasarsu ke da tsami da ruwan sama mai yawa, kamar tsibirin Faial na Azores da ake yi wa laƙabi da Shuɗin Tsibiri, da yankin Bretagne na Faransa, da haikalin Meigetsu-in a Kamakura, inda jama'a ke tururuwa a watan Yuni lokacin damina.

A nan ne zaɓin taki ya shigo. Fosfat yana kama alminiyam ya mayar da shi wani sinadari da ba ya narkewa. Don haka mai son shuɗi yana neman taki mai ƙaramar lamba a tsakiya da babba a ƙarshe, kamar 25-5-30, kuma yana guje wa garin ƙashi da takin sufa. Mai son ruwan hoda kuwa yana amfani da mai fosfat da ɗan yawa, kamar 25-10-10. Nau'in naitirojin ma yana da tasiri: wanda ke cikin siffar amoniyam, kamar amoniyam salfet, yana ƙara wa ƙasa tsami a hankali, yayin da kalsiyam naitret ke rage shi.

Don saukar da pH akwai hanya biyu. Ta farko ita ce garin farar wuta, wadda ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa ke mayarwa asid a hankali. Tana ɗaukar watanni, kuma ba ta aiki sosai idan ƙasa ta yi sanyi, amma ta fi aminci. Ta biyu ita ce alminiyam salfet, dangin alif ɗin da ake tace ruwa da shi, wanda ke kawo tsami da alminiyam a lokaci guda. Awon da aka saba shi ne babban cokali ɗaya, kimanin giram 15, a cikin lita 4 na ruwa, a zuba a gindi bayan an riga an shayar da shukar, kada ya taɓa ganye. Ba a sa wa shukar da ba ta kai shekara biyu ko uku ba, kuma yawansa yana ƙona saiwa, yana kuma cutar da shuke-shuken da ke maƙwabtaka da ita waɗanda ba su da juriyarta. Don ɗaga pH ana barbaɗa garin farar ƙasa ta noma, musamman mai magniziyam, ana nufin 6.0 zuwa 6.5. Tokar itace ma tana yin haka, sai dai da wuya a iya auna ƙarfinta.

Duk wannan ba ya nuna sakamako nan take. Furen da ya riga ya buɗe ba ya sauyawa, kuma shukar da ke cikin ƙasa takan ɗauki shekara ɗaya ko biyu.  A ƙasa mai alli, ko inda ruwan famfo yake da kalsiyam da yawa, ko a gindin katangar siminti da ke tsiyayar da sinadarin farar ƙasa, neman shuɗi wahala ce da ba ta ƙarewa, domin ƙasar tana komawa yadda take duk shekara. A irin wannan wuri dasawa a tukunya da shayarwa da ruwan sama ya fi hankali.

Farar haidiranjiya ba ta sauya launi ko me aka zuba mata, saboda ba ta da sinadarin launin. Jan da furen paniculata da quercifolia ke yi idan ya tsufa ba shi da alaƙa da ƙasa. Kazalika kaifin launi na gado ne: iri mai ruwan hoda mai haske zai ba da shuɗi mai haske, ba mai duhu ba.

Dabarun gida

Akwai dabaru da yawa da ke yawo tsakanin masu lambu. Binne ƙusa mai tsatsa ya samo asali ne daga tsohon zaton cewa ƙarfe ke kawo shuɗi, kuma ba ya yin komai. Tukar garin kofi da aka riga aka dafa ta rasa yawancin tsaminta, tana da amfani a matsayin takin gargajiya amma ba ta isa ta sauke pH ba. Ruwan khal yana sa tsami na 'yan kwanaki ne kawai. Ɓawon ƙwai yana ɗaukar shekaru kafin ya narke. Gishirin magniziyam salfet da wasu ke jiƙawa ba ya taɓa pH ko kaɗan, amfaninsa sai inda magniziyam ya yi ƙaranci. A yammacin Faransa kuwa akwai tsohuwar al'ada ta zuba dakakken dutsen allo, irin wanda ake rufin gidaje da shi, a gindin shukar, kuma har yanzu ana sayar da shi don wannan aiki.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne gwajin ƙasa. Ana ɗebo ƙasa daga wurare da dama a kewayen shukar, zurfin santimita 15, a gauraya a kai ɗakin gwaji, ko a yi amfani da kayan gwajin pH na gida. Wanda bai yi gwaji ba yana iya ƙara tsami a ƙasar da ta riga ta yi tsami fiye da kima.

Yadda ake zubawa

Saiwar haidiranjiya siririya ce kuma a kusa da saman ƙasa take, shi ya sa ba a yi mata noma mai zurfi da fartanya. Ana barbaɗa taki ne a kewaye, daidai inda rassa suka ƙare, ba a jikin gindi ba, a ɗan rufe da ƙasa, a bi da ruwa mai yawa. Ba a ba shukar da ƙishirwa ta kama taki. Takin zamani gishiri ne, idan ya taru a busasshiyar ƙasa sai ya janye ruwa daga saiwa maimakon ya shiga cikinta. Yanƙwanewar ganye da tsakar rana, wanda ke miƙewa da yamma, ba alamar yunwa ba ce, faɗin ganyen ne ke sa shi zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa.

Shukar tukunya ta fi buƙatar taki, saboda yawan shayarwa yana wanke shi. Akan ba ta takin ruwa mai rauni duk mako biyu a lokacin girma, ko mai narkewa a hankali sau ɗaya ko biyu. Ƙasar tukunya da ake sayarwa a buhu galibi ruɓaɓɓen tsiro ce da ɓawon itace, babu alminiyam a cikinta, don haka fure na iya yin ruwan hoda ko da pH ya sauka. Masu renon haidiranjiya don kasuwa suna shayar da ita alminiyam salfet da gangan, kuma wannan ne dalilin da ya sa shuɗiyar da aka sayo takan koma ruwan hoda bayan shekara ɗaya a lambun gida.

Alamomin matsala a ganye

Idan tsofaffin ganye na ƙasa suka yi rawaya gaba ɗaya, shukar kuma ta tsumbure, naitirojin ne ya yi ƙaranci. Idan sababbin ganye na sama ne suka yi rawaya amma jijiyoyinsu suna nan kore, sinadarin ƙarfe ne shukar ta kasa sha, kuma kusan kullum dalilin shi ne pH ya haura 7, ba wai babu ƙarfen a ƙasa ba. Wannan yakan faru da masu neman ruwan hoda da suka wuce gona da iri wajen zuba farar ƙasa. Ana magance shi na ɗan lokaci da maganin ƙarfe na ruwa, amma gyara mai ɗorewa sai an sauke pH. Irin wannan rawaya tsakanin jijiyoyi, idan a tsofaffin ganye ta bayyana, ta fi nuna ƙarancin magniziyam, wanda aka fi gani a ƙasa mai tsami sosai.

Bakin ganye da ya bushe ya yi ruwan ƙasa kwanaki kaɗan bayan an zuba taki alama ce ta ƙuna. Akan kwashe abin da ya rage a saman ƙasa, a shayar sosai sau da yawa don wanke gishirin, a kuma dakatar da taki har shekara mai zuwa. A tukunya akan ga farin ɓawon gishiri a saman ƙasa ko a bakin tukunyar, sai a zuba ruwa har ya riƙa fita ta ƙasa, ko a sauya ƙasar gaba ɗaya.